Na kammala littafina, daga nan sai ina?

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum. Alhamdulillahi na sa aya a littafina na farko, labarin wata mata ce da ta koma makaranta bayan ta aurar da 'ya'yanta. Kalmomi kusan 70,000 ne. Na yanke shawarar ni zan buga abina da kaina, don ba zan iya miƙa shi ga kamfanin ɗab'i in zauna jiran e ko a'a ba. To amma kaina ya ɗaure. Wasu sun ce in fara da bango, wasu sun ce ISBN, wato lambar shaidar littafi. Kuma gaskiya ina tsoron tura wa wani ya tace, kada in wayi gari in ga labarina da sunan wani. Don Allah waɗanda suka bi hanyar nan su haska mini.

Malam Baffa:
Wa alaikumus salam. Barka da ƙoƙari, Malama. Bango ya dakata tukuna, domin kaurin gadon bayan littafi ya dogara ne da yawan shafuka da irin takardar, ke kuwa ba ki san yawan shafukanki ba sai an gama tacewa an tsara.

Ki ajiye rubutun na ɗan lokaci, sannan ki karanta shi a bayyane, da murya. Duk inda numfashinki ya sarƙe, jimlar ce ke da matsala. Bayan nan ki ba edita. Tacewa hawa-hawa ce: akwai mai duba ginin labari, ya ce miki babi na huɗu ba ya kai labarin gaba, ko sunan ƙanwar miji ya canja a tsakiya. Akwai mai duba ƙa'idar rubutu, wanda zai kama "sun zo" da aka haɗe, da "ya na" da aka raba. Idon marubuci ba ya ganin waɗannan, abin da yake nufin rubutawa yake karantawa.

Batun tsoro kuma, a ƙasashen da suka sa hannu a Yarjejeniyar Berne ta 1886 kan kare haƙƙin marubuta, haƙƙin mallaka naki ne tun daga lokacin da kika rubuta. Ki tura ta imel don kwanan wata ya zama shaida, ku kuma rubuta yarjejeniyar aiki.

Maman Ilham:
'Yar'uwa, ISBN lamba ce mai alƙaluma 13, kuma kowane nau'i da tasa, na takarda daban, na karantawa a waya daban. In ta Amazon KDP za ki bi, wato dandalin kamfanin Amazon na masu buga littafi da kansu, suna bayar da ita kyauta ga na takarda, sai dai ba za ki iya kai lambar wani wuri ki buga da ita ba. In kina son sunanki a matsayin mawallafiya, ki mallaki taki. Su Amazon sai an yi oda suke buga kwafi, don haka ba ki da asarar tara kwalaye a ɗaka. A littafin Kindle, wato nasu na karantawa a waya, kasonki kashi 35 ne ko 70 cikin 100, gwargwadon farashin da kika sa.

Ummu Hanan:
Allah ya saka da alheri. To maɗaba'a fa? Yawancin masu jiran littafin nan hannu da hannu za su saya.

Malam Baffa:
In haka ne maɗaba'a ta fi miki, kuɗin kowane kwafi yana sauka in adadin ya yi yawa. Amma ki buga daidai waɗanda kike da yaƙinin sayarwa, in sun ƙare a sake. Ki kai musu PDF wanda salon haruffan ke ƙunshe a ciki, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ sai su koma akwatuna. Na taɓa riƙe littafin da duk "ƙasa" ta zama "asa". Hoton bango ya kai DPI 300, wato ma'aunin kaifin hoto. Kuma kada ki yarda a kunna inji sai an ba ki kwafin gwaji kin buɗe tsakiyarsa, kin ga ko ɗauri ya cinye farkon layuka.