Kod da far, mi za a ce musu da Hausa?

Rabi: Salamu alaikum. Gobe da safe ina da shiri a rediyo nan Tahoua kan hatsarin dare a hanyar Konni, takardar da anka ba ni da Faransanci take, duk maganar kod da far na fitilun gaban motocin Hilux ce. Na rubuta ƙaramar wuta da babbar wuta amma bai kwanta min ba, a taimaka.

Illo Gareji: Hajiya kar ki ce haka. Ƙwan H4 da ke cikin tsofaffin Hilux zare biyu gare shi, na kod wat 55 na far wat 60, ina ƙarami ina babba? Ki ciro ƙwan ki duba, ƙarƙashin zaren kod akwai ɗan ƙarfe kamar cokali, shi ka tare hasken ya sa ya faɗi ƙasa gaban mota. Fitilun biyu a kunne wajen amfa 9 suke ja ga batir. Ki ce wutar kusa da wutar nesa kawai.

Sani Maradi: mu dim da ful muke ji wajen ƴan Kano

Malam Abdu: To ga shi nan, a tsere ma Faransanci a faɗa Turanci. Ni tun bara na ce kod sunkuyau ne, far kuma ƙurau, tunda ɗaya sunkuya ma ɗan uwanka kake ɗaya kuma ido ka ƙura mishi. Kalma guda guda, ba jan magana.

Illo Gareji: Allah gafarta Malam, in na ce ma yaron gareji ya sa sunkuyau wallahi ƙarƙashin mota zai shiga

Malam Abdu: Haka anka yi ma na'ura mai ƙwaƙwalwa dariya. Ku in ba daga Kano abu ya zo ba ba ku ɗauka, sai ka ce Adar ba Hausa muke ba.

Sani Maradi: Malam mi ya kawo Kano kuma, ni abin da na ji na faɗa. Kuma har yau kwamfuta kowa ka cewa.

Rabi: Don Allah ku bar Kano ta huta, dare na yi. Illo, akwai wani layi kan masu sa LED, wai ba shi shan wuta amma yana kashe ido.

Illo Gareji: Gaskiya ne, shan wutarshi bai kai na ƙwan halojen irin H4 ba nesa ba kusa ba, amma madubin cikin fitilar don zaren H4 anka yi shi, in ka cusa LED na kasuwa hasken watsewa yake sama, ko kod ka sa mai tahowa ji yake far ka buga mishi. Ga kaya an labta a baya gaban mota ya ɗaga, shi ke nan.

Rabi: To na ɗauki wutar kusa da wutar nesa, karon farko zan haɗa da kod da far don direbobi su gane.

Malam Abdu: Ba laifi, amma bayani ne wannan ba suna ba. Ki faɗi sunkuyau ko sau ɗaya ki ji abin da masu bugo waya za su ce.

Rabi: In lokaci ya rage Malam.