Dabarun littattafan kasuwanci suna aiki a kasuwar ƙauye?

Ɗan Taura: Salamu alaikum. 'Yan uwa, dabarun ciniki da ke cikin littattafan Turawa suna da amfani ga mai hatsi a kasuwa irin ta Gujungu?

Malamin Kasuwanci: Wa alaikumus salam. Wasu suna aiki sosai. Daniel Kahneman, masanin halayyar ɗan Adam, a littafinsa na 2011, ya bayyana yadda adadin da aka fara ambata yake jan hankali. Don haka tayin farko na dillali kan rinjayi manomi. Kafin ka loda riɗi, kira kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano ka ji farashin buhu, ka cire kuɗin mota, dako da la'ada. In an taya ƙasa da abin da ya rage, ka ce albarka.

Mai Awo: Gaskiya ne, Malam. Robert Cialdini, shi ma masanin halayyar ɗan Adam, ya yi maganar rama alheri, gyara ke nan. Amma ka ƙayyade ta, tafin hannu ɗaya a kowace tiya, in ba haka ba buhu ya ƙare babu riba.

Hajiya Mai Wake: Ɗana, kada ka riƙe wake saboda ka saye shi da tsada. Duba farashin yau, duba ƙwari. Da ka ga huda, sayar.