Farantin da Sani ya saya: ɓaren jirgin yaƙin Hitila ne ko aikin fenta?

Sani Mai Gwangwan: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ku dubi hoton da na turo. Jiya wani dattijo daga wajen Dakoro ya kawo mini wannan faranti cikin tarkacen da nake saye da kilo. Ya kai kamu biyu, ba nauyi, ga layin kusoshi a gefe, ga da'ira mai launi uku a tsakiya. Ya ce mahaifinsa ne ya ɓamɓaro shi daga jirgin Ingilishi da ya faɗi a daji lokacin yaƙin Hitila, tun lokacin suke rufe bakin rumbu da shi. Wani mutumin Kano ya ga hoton ya taya jaka ɗari uku. In sallama?

Hajiya Rabi: Jaka ɗari uku a kan murfin rumbu? Sallama kafin ya farka daga barci.

Mushe Habu: Dakata tukuna, Sani. Faɗa mini launukan daga waje zuwa ciki.

Sani Mai Gwangwan: Ja a waje, fari, sannan shuɗi a tsakiya.

Mushe Habu: To wannan tambarin Faransa ne. Na Ingila shuɗi ne a waje, ja a tsakiya, kuma na jikin jirgi a lokacin yaƙin har da zoben rawaya a kewaye. Labarin dattijo da zanen faranti sun yi hannun riga.

Sani Mai Gwangwan: Mushe, ai Faransa ma ta yi yaƙin. Dattijon ƙauye ina ya san bambancin Nasara? Duk Bature ne a wurinsa.

Mushe Habu: Ban ƙaryata shi ba, kuma jiragen Ingila sun yi ta wucewa kusa da mu. Daga watan Satumba 1940 ake kawo su cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wato Injamena, Khartum, har Alƙahira. Dubbai ne suka bi hanyar nan, Hurricane da Blenheim da wasunsu. Sai dai ƙasarmu Nijar tana hannun gwamnatin Vichy, wato Faransawan da suka bi Hitila, har ƙarshen 1942, jiragen kuma kauce mana suke yi. Cadi ce ta bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da ke tare da Ingila, tun Agusta 1940, shi ya sa suke sauka can. Jirgi zai iya ɓata hanya cikin hazon hunturu ya yo arewa, amma "zai iya" ba shaida ba ce.

Laminu Fenta: Ku bar maganar tarihi, ku ba ni hoton nan in yi magana a kan sana'ata. Na buɗe shi sosai. Jan nan yana ƙyalli kamar an fito da shi daga gwangwani bara. Ni nake fentin allunan shaguna a garin nan, ja ne ke fara mutuwa a rana, damina uku ya koma ruwan hoda. Ace shekara tamanin a kan rumbu yana nan daram? Sannan ku dubi inda ƙarfen ya lotsa daga hagu, fentin ya shiga cikin lotsin ya kwanta lafiya lau. Da fentin asali ne, da ya tsattsage a wurin. Ga ma sawun burushi, ga ɗan huji a tsakiyar shuɗin inda aka kafa ƙusa aka ja zare. Haka muke fitar da da'ira.

Hajiya Rabi: Laminu, kai da ba a taya ka ba ka zo kana ɓata wa yaro ciniki.

Ilu Mai Tukwane: Ni na riƙe farantin da hannuna da safe. Wallahi ba alminiyom ɗin da muke narkawa ba ne. Na lanƙwasa gefe ya dawo da kansa, ga tauri. Inda ya ci kuwa farin gari yake yi yana ɓarewa falle-falle kamar albasa. Kusoshin ma tazararsu ɗaya, kamar an auna da ma'auni.

Ajidan mai ritaya: Ilu ya fi kowa kusa da magana. Ƙarfen jirgi ana gauraya shi da jan ƙarfe kaɗan, shi ne taurin da ka ji. Amma ƙarfen jirgi daban, jirgin yaƙin Hitila daban. Jirage nawa suka faɗi a ƙasar nan bayan yaƙin? Ko jirgin fasinja DC-10 na kamfanin UTA da ya tarwatse a Tenere ranar 19 ga Satumba 1989 da mutum 170, tarkacensa ya bazu a sahara. Masu tara irin kayan nan ba fuskar faranti suke fara dubawa ba, don kowa na iya zana tambari. Bayansa suke juyawa su nemi lambar da aka buga da ƙarfe, da hatimin mai duba aiki a masana'anta. Sani, juya shi ka ɗauko mana hoto, musamman ƙarƙashin inda faranti ya hau kan wani.

Sani Mai Gwangwan: Ranka ya daɗe, zan ɗauko. Amma na kira dattijon yanzu. Ya ce gaskiya zanen ya dushe har ba a gane shi sosai, sai ɗansa ya kai wa wani mai fenti ya "raya" shi shekarun baya, wai don ya fi kyan sayarwa.

Laminu Fenta: Ba na faɗa ba! Kuma mai fentin da ya yi lakwal a nan, in ka ce masa tambarin jirgin Nasara, na Faransa zai zana maka. Kawo shi rumfata in sa masa tina, ruwan da ke narkar da fenti, mu ga abin da ke ƙasa.

Ajidan mai ritaya: Kul! Tina ba ta san sabo da tsoho ba, duka za ta kwashe. Ɗan abin da ya rage na asalin zanen shi ne kaɗai shaidarsa. A 2012 aka tsinci wani jirgin yaƙi Kittyhawk na Ingila a saharar Masar, kusan yadda ya sauka a 1942, matuƙin kuma ba a same shi ba. Da aka kai shi gidan tarihi na El Alamein sai aka shafe shi da sabon fenti, har da bakin kifi mai haƙora wanda ba shi da shi a da. Masana har yau suna jin haushin abin.

Hajiya Rabi: Ni dai abin da na sani, mai saye ya gani ya taya. An tilasta masa ne?

Mushe Habu: Hajiya, ba ƙarfe ya taya ba, labari ya taya. Yanzu da Sani ya san fentin sabo ne, in ya yi shiru ya karɓi kuɗin, algus ne, daidai da jiƙa gyaɗa kafin awo.

Hajiya Rabi: To ya faɗa masa, in ya rage kuɗin sai ku cika masa ku malamai.

Sani Mai Gwangwan: Ga bayan nan. Launinsa kore-kore mai rawaya. Na ɗaga wani ɗan ƙarfe da ke manne, a ƙarƙashinsa akwai rubutun tawada, 24S nake iya karantawa, sauran ya goge.

Ajidan mai ritaya: Yauwa, yanzu muka fara magana. Wannan koren share fage ne da ake shafawa don hana ƙarfe ci. 24S kuma tsohon sunan wani ƙarfen Amurka ne, a 1954 aka sauya shi ya koma 2024. Farantinka tsoho ne, ƙirar Amurka.

Sani Mai Gwangwan: Ke nan ba na Ingila ba, ba na Faransa ba?

Mushe Habu: Ko ɗaya daga ciki zai iya zama. Ingila ta yi yaƙi da jiragen da ta samo daga Amurka, wasunsu ta Takoradin nan suka bi. Faransa ma ta sayi jiragen Amurka ƙirar Curtiss da Glenn Martin kafin ta faɗi a 1940, kuma Vichy ta yi amfani da su a Dakar. Ni in ka ji tawa, ka nemi dattijon ya kai ka inda jirgin ya faɗi, sannan ka aika hotunan gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai.

Ilu Mai Tukwane: In duk sun ƙi, ina saye da kilo. Ko da yake ba ya yin tukunya mai kyau.

Sani Mai Gwangwan: Ga mutumin Kano nan yana kira, karo na uku ke nan. Bari in ɗauka in gaya masa zancen fentin, mu ji ko jaka ɗari ukun tana nan.