Man birki yana raguwa amma babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa

Mai230E:
Assalamu alaikum. Ina da Mercedes 230E ƙirar 1982, mai giyar hannu, ta mahaifina ce. Ta yi shekara uku a ajiye kafin na tayar da ita. Matsalar ita ce duk sati biyu sai man birki ya sauka daga layin sama na mazubinsa zuwa kusan na ƙasa. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta dare uku, da safe babu komai sai ɗigon baƙin mai guda biyu daidai injin, wannan kuwa mun saba da shi. Na cire tayoyi huɗu, kalifofin, wato masu matse birki a kowace taya, a bushe suke. Sannan in na tsaya a danja na ɗora ƙafa kan birki, sai feda ta riƙa nutsewa a hankali, har sai na ɗaga na sake takawa. Ina man yake zuwa?

TsohonBakanike:
Wa alaikumus salam. Malam, ka ajiye motar nan tukuna, kar ka sake hawa titi da ita. Fedar da ke nutsewa alhali ƙafarka ba ta motsa ba, robobin cikin masta, wato famfon da feda ke dannawa ya tura man birki zuwa tayoyi, su ne suka gaji, mai yana zillewa ta gefensu. Da iska ce a bututun man birki, fedar za ta yi laushi kamar soso tun takun farko, in ka buga sau uku ta yi tauri.

Man da ke ɓacewa kuwa, zargina yana kan busta, baƙar tukunyar nan mai ƙara wa takun birki ƙarfi, wadda masta ke jingine da ita. In robar bayan masta ta mutu, mai cikin busta yake zuba, ƙasa ba za ta gani ba. Noti biyu ne kawai ke riƙe da masta. Kwance su, ka ja shi gaba kaɗan ba tare da ka taɓa bututun ba, ka haska. Dubi kuma fentin busta a ƙasan mahaɗar: man birki yana cin fenti, in ya kumbura ko ya ɓare, ka samu ɓarawonka. In ya taru da yawa injin na zuƙarsa ta tiyon iska, sai ka ga farin hayaƙi a salansa.

Direba_W123:
Oga ya faɗi gaskiya, amma tunda giyar hannu ce, ɗaga kafet ɗin direba ma. Kulocin wannan motar daga mazubin man birki yake sha, mastansa kuma a cikin mota yake, saman feda. Tawa wata biyu tana jiƙa kafet ina cewa ruwan sama ne.

Injiniya79:
Ni dai da sai ya fara fitar da iska ya zuba sabon mai, ya gani. Man birki yana shan danshi. Man birki nau'in DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 na Celsius yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa tun wajen 155. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu.

TsohonBakanike:
Injiniya, canjin mai dole ne, amma ba ya mayar da robar da ta mutu. Kuma tsohon masta in aka danna feda har ƙasa wajen fitar da iska, robar na bi ta kan tsatsar da ba ta taɓa kaiwa ba, ta ƙarasa yagewa. Ya gyara masta tukuna. Kar kuma a sayar masa da man DOT 5, na silikon ne, ba ya haɗuwa da wanda ke ciki.

Mai230E:
Allah ya saka da alheri. Kafet a bushe yake. Na kwance notin biyu, na zura siririn tiyo da sirinji cikin busta, na zuƙo kusan rabin kofi, launinsa ya koma ruwan ƙasa. Oga, bustar za ta tsira in na tsane ta, ko ita ma sai an canza?