Kamun green sunfish a tafki: me ya sa ƙanana kaɗai ke cin koto?

Ɗan Yawuri:
Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Ohayo ta Amurka, kuma akwai wani ƙaramin tafki kusa da unguwarmu inda nake zuwa fatsa a ƙarshen mako. Kifin da ya fi cin koto a wurin shi ne wanda mutanen nan suke kira green sunfish, mai ƙirar karfasa, sai dai bakinsa ya fi faɗi, kuma yana da shuɗin zane a kumatu. Damuwata ita ce duk wanda na ciro da ƙyar yake wuce inci 4. Shin manyan suna can cikin zurfi ne, ko iyakar girmansa ke nan? Kuma ya dace in riƙa mayar da ƙananan ruwa domin su ƙara girma?

Dattijon Mizuri:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka wahalar da kanka da jifa tsakiyar tafki, domin wannan kifi a gefe yake zama, cikin duwatsu da saiwoyi da rassan da suka faɗa ruwa. Asalinsa ba babba ba ne. Yawancinsu tsakanin inci 3 zuwa 7 suke, kuma wanda ke riƙe da tarihin girma, wanda aka kama a tafkin Stockton na jiharmu ta Mizuri a 1971, bai cika kilo ɗaya ba.

Amma abin da kake gani yana da wani dalilin. Kifi ne mai yawan haihuwa da juriya, yana rayuwa a ruwa mai laka da ƙarancin iska inda wasu kifaye ba sa iyawa, saboda haka idan tafki ƙarami ne kuma babu isassun manyan kifayen da za su riƙa cin 'ya'yansa, sai su cika wurin, abinci ya gaza, dukkansu su tsumbure. Mayar da su ruwa ba zai sa su girma ba, ƙara cunkoso kawai zai yi. Ni a ganina ka ɗebi abin da doka ta yarda, ka kai gida.

Ka yi amfani da ƙaramar ƙugiya, lamba 8 ko 10, da guntun tana ko gyare, ka sauke a hankali dab da dutse. Daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar lokacin zafi namiji yakan share ɗan gurbi a tsakuwa inda ruwa bai da zurfi, ya tsaya gadin ƙwai, launin ruwan ɗorawa da ke bakin fiffikensa ya fito sosai. A lokacin, kusan duk abin da ya gifta sai ya kai masa cafka. Idan ka ciro shi, ka shafa hannu daga kai zuwa baya domin ƙayoyin gadon bayansa su kwanta.

Hajiya daga Niyu Jazi:
Baba ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina so in ja hankali kan doka, domin kowace jiha da nata tsarin. A nan jiharmu ta Niyu Jazi an sa shi cikin kifayen da ke barazana ga na asali, har an hana mayar da shi ruwa idan an kama. Ƙanena, ka tabbata kana da lasisin jiharka, ka nemi izini idan tafkin na wani ne, kuma kada ka ɗauki mai rai ka zuba a wani ruwan. Namansa fari ne mai daɗi, ƙananan ma suna soyuwa ƙarau idan an kankare su an tsaga.

Ɗan Yawuri:
Na gode, Baba da Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Akwai wasu da nake kamawa masu faɗin jiki amma bakinsu bai kai na sauran ba. Su ma shi ne?

Dattijon Mizuri:
Mai yiwuwa ruwa biyu ne, domin yana barbara da ɗan'uwansa bluegill, har masu kiwon kifi suna sayar da irin don zubawa a tafkuna. Ka duba bakin fiffiken. Idan akwai ruwan ɗorawa ko fari a gefensa, to akwai jinin green sunfish a jikinsa.