Ina da juna biyu, an ce in auna garin ethidium bromide da kaina, ku ba ni shawara

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema, kuma ranar Litinin ake son in ba da amsa. Ina digiri na biyu ne nan Kebbi, aikina kan ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan rijiya, na gama PCR, wato ninka DNA ɗinsu, saura in zuba a jel, wani daskararren abu da ake rarrabe DNA a cikinsa, in duba. To ruwan ethidium bromide ɗin da muke ɗiba (EtBr a taƙaice, rinin da ke sa a ga DNA a cikin jel) ya ƙare, abin da ya rage wata tsohuwar kwalbar gari ce a can ƙasan kabad, takardar jikinta har ta koɗe, sufabaiza ya ce in auna in haɗa miligiram 10 a kowace mililita in ci gaba. Akwatin zuƙe iskar lab ɗin baya aiki tun bara. Ni kuma cikina wata uku, ban faɗa wa kowa a sashen ba sai ku yanzu. In haɗa da kaina in sa safa biyu? In sayi wani rinin da kuɗina? Ko in jingine aikin har in haihu, alhali Baban Sadiq ya riga ya biya kuɗin zangon nan? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka.

Dan Jega:
Wa alaikumus salam. Allah ya raba lafiya. Ki riƙa shan madara bayan kin fito lab, tana wanke guba, mu haka munka yi.

Anti Lab:
Dan Jega madara ba ta wanke komai, a daina yaɗa wannan. Ƙanwata, abu ɗaya zan ce miki da babbar murya, kar ki buɗe kwalbar garin nan. Duk haɗarin EtBr a garin ya fi taruwa, don yana tashi ki shaƙa ba ki sani ba, kuma a takardar gargaɗinsa an rubuta shaƙarsa na iya kisa, an kuma sa shi cikin abubuwan da ake zargi da lalata gadon halitta. Yadda yake aiki ke nan ai, yana kutsawa ne tsakanin matakan DNA ya zauna, shi ya sa yake haske ruwan lemo in an haska masa fitilar UV, wato ultraviolet. Abin da ya shiga DNA ɗin cikin jel kin ga ba abin wasa ba ne ga mai ciki wata uku. Shekarata goma sha ɗaya a bencin lab, ban taɓa yarda an auna garin a fili ba, ruwansa haɗaɗɗe muke saye.

Bagudu07:
Ni dai ku bari in ba ku labarina don har yau in na tuna raina ɓaci yake. Lokacin da nike IT anka kai ni wani lab, ba zan faɗi suna ba, satina biyu anka ce in yanko layin DNA daga jel a kan fitilar UV. Babu wanda ya ce mani ga gilashin fuska, ashe yana nan rataye bayan ƙofa ya yi ƙura. Na duƙa kan fitilar nan ina yanka da reza kusan minti ashirin don hannuna na rawa, safar da anka ba ni irin farar nan ta roba ce mai hoda, guda ɗaya tal, wai in wanke in sake sawa gobe. Na taso lafiya lau na tai gida na ci tuwo na kwanta. Wajen ƙarfe biyu na dare na farka kamar an ɗebo rairayin gulbi an zuba mani a ido, hawaye na zuba, ko fitilar waya in an kunna sai in yi ihu, inna ta zaci jifa ce ta hau tofi tana kuka. Da safe ƙanena ya ja ni a mashin ido ɗaure da rawani, likita na gani ya ce kai walda kake yi? Irin ciwon idon masu walda ne sak. Kwana biyu ina ɗaki mai duhu, fatar goshina ta saɓule kamar wanda ya yini gona. Da na koma ka san abin da ogan ya ce? Wai ai kowa da haka ya koya. Ko sannu. Kuma ya rubuta mani rashin zuwa na kwana ukun a littafin IT. Wallahi ban yafe wannan ba, don da makancewa na yi da haka za su ce.

Hajiyar Yauri:
Innalillahi. Sannu Bagudu, Allah ya isar maka. Irinsu ne ke sa yara su tsani aikin.

Dan Jega:
Kai Bagudu ashe kai ne farkon mai walda da reza a jihar nan 😂 Maman Sadiq ke kuma kar ki damu, in jaririn ya zo yana haske kin huta sayen fitila.

Hajiyar Yauri:
Dan Jega ka ji tsoron Allah. Mace na cikin zullumi kana mata wannan? Goge shi.

Dan Jega:
Tuba nike Hajiya, a yi haƙuri Maman Sadiq, bakina ne.

Likitan Shanu:
Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Wannan abin da kuke tsoro mu allurarsa muke yi wa shanu. Homidium bromide da muke ba saniya mai sammore shi ne ethidium bromide, abu guda ne, tun shekarun 1950 ake amfani da shi. Ƙwaya ɗaya miligiram 250 ce, a narka a ruwan zafi, ana ba da miligiram 1 a kan kowane kilo na nauyin dabba. Ku kuma jel ɗinku rabin maikurogiram ne a mililita, wato jel mai mililita 100 maikurogiram 50 ke ciki. Ku yi lissafi, ƙwayar da nake narkawa saniya ɗaya ta sha a tsoka daidai take da jel 5,000. Na yi wannan a rugage daga Zuru har Yauri, shanun sun tashi sun yi ƙiba sun haihu. Tsoron ya yi yawa.

Anti Lab:
Likita lissafinka daidai ne ban musa ba, kuma na yarda jel ɗin da aka riga aka haɗa abin da ke ciki kaɗan ne. Amma ka karanta tambayarta kuwa? Ba jel ta ce ba, GARI aka ce ta auna, a ɗakin da babu mai zuƙe iska, ga fanka na juyawa. Sannan saniya sau nawa ake mata allurar, kuma wa ya bi ta shekara ashirin ya ga abin da ya biyo baya? A gwajin Ames, wanda ake yi da ƙwayar cutar Salmonella don gano sinadarai masu taɓa gadon halitta, in an haɗa da ruwan hanta, EtBr na canja gadon halitta, wannan sananne ne. Yarinya ba saniya ba ce.

Likitan Shanu:
Anti ni ma ban ce ta sha ba. Na ce a daina firgita ta. Kuma da digirina nake magana ba da ka ba.

Malam Tekno:
To fa, an zo wurin. Likita da girmanka, amma maganar benci a bar wa masu benci. Mu ke wanke tankin da ake sa jel a ciki, mu ke kwashe jel, ku kuna zuwa da rigar sanyi ku ɗauki hoto ku tafi. Maman Sadiq ki saurare ni. Safar naitiril shuɗiyar nan za ki sa ba farar roba ba, guda biyu, ki cire ta sama kafin ki taɓa waya ko marfin ƙofa ko mayafinki. Kar a sa rinin kafin a dafa agaros, garin da ake haɗa jel da shi, a maikurowef, a bari ya huce har ki iya riƙe kwalbar sannan a ɗiga. Gilashin fuska kafin a kunna UV, kin dai ji Bagudu. In ya zube kar ki bi da bilic, mutane na ganin jan ya ɓace su ce ya mutu, alhali abin da ke fitowa daga haɗin ma yana iya taɓa gadon halitta. A tsane da takarda, a wanke da ruwa da sabulu sau da yawa, a haska fitilar UV ta hannu a ga ko saura. Ruwan tankin a bi da shi ta gawayin lab mai tsotsewa kafin a zubar, ba gawayin girki ba.

Ummu Hanan:
Ni da cikin Hanan GelRed, wani rini madadin EtBr, na saya na huta, yana aiki da fitilar UV ɗin da kuke da ita ba sai an canja komai ba. Dubu 85 na saya wajen wani mai kawo kaya daga Ibadan, ya ishe ni har na bar wa na bayana.

Bagudu07:
Dubu 85 a wace shekara Anti? Watan jiya munka tambaya anka ce dubu 240 ƙaramar kwalba, ban da kuɗin mota.

Dan Jega:
Akwai mai ba ni a dubu 40 a Sakkwato.

Ummu Hanan:
Na 40 kam ruwan zoɓo za a ɗura maka. Bagudu kafin dala ta tashi ne gaskiya, ban san yanzu ba.

Malam Tekno:
Ku haɗa kuɗi ku huɗu ku saya mana, maikurolita 5 ake ɗigawa a jel mai mililita 50, rabin mililita jel ɗari ke nan. Akwai kuma wani rinin, SYBR Safe, shi da shuɗiyar fitila ake dubawa ido ya huta, sai dai a cikin wani ruwan sinadari mai suna DMSO yake zuwa, shi kuwa DMSO ratsa fata yake, don haka safa dole ko da an rubuta safe a jiki.

Bazamfara:
Ni abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya ba wanda ya taɓo shi. Ina jel ɗin ke zuwa bayan kun gama? Inda na yi aiki wani dattijo ne mai shara, Baba muke ce mai, da hannunsa yake kwashe su daga bokiti ya zuba a kwali ya kai juji bayan katanga, na gani da idona tafin hannunsa ya yi ja-ja yana goge wa a riga, daga nan ya ɓare goro ya jefa baki. Jujin nan awaki na kiwo, almajirai na tsintar robobi. Da na yi magana anka ce in kawo kuɗin injin ƙonawa in ina da su. Mu mutanen Zamfara mun san abin da raina guba ke jawowa, a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, dutse ne kawai ake niƙawa cikin gida ana ganin ƙura ce. Ban ce EtBr dalma ba ne, amma halin ko-in-kula ɗin iri ɗaya ne.

Hajiyar Yauri:
Allah ya jiƙan yaran nan. Kuma a ce duk ɗalibi sai ya biya kuɗin benci. Ɗiyata dubu 60 ta biya, ranar farko anka ce ta zo da safarta da takunkuminta da sabulunta, har man janareta sai da sunka yi karo-karo don an ɗauke wuta jel na tsakiyar tafiya. To kuɗin benci na mi ne ne?

Bagudu07:
Mu dubu 100 munka biya Hajiya, rasit ma babu.

Likitan Shanu:
A nan kam muna tare. Amma fa ba laifin malamai ba ne duka, wani sa'in kuɗin ba ya isowa sashen.

Malam Tekno:
Yana isowa Likita, mu muke ganin takardar. Rubutu uku na yi kan a gyara akwatin zuƙe iska, bel ne kawai ya tsinke, har yau ana kan duba lamarin.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci, Dan Jega ma na yafe. Garin dai na yanke ba zan taɓa ba. Amma har yanzu ba wanda ya ce mani ko in faɗa wa sufabaiza maganar cikin, ina tsoron ya ce in je in dawo baɗi ya ba wani samfurina. Anti Lab in na sami wanda zai zuba mani jel ɗin ni in tsaya duba hoto kawai, za a karɓa a matsayin aikina?

Anti Lab:
Ki fara zuwa wajen likitarki ta awo da sunan sinadarin a rubuce, ta ba ki takarda, da ita za ki shiga ofishinsa. Zan kira ki bayan Isha'i.

Bazamfara:
Malam Tekno ku a wajenku wa ke kwashe jel ɗin? Kuma kun taɓa ba shi safa?

Malam Tekno:
Daga aljihuna nake saya mai, kwali ɗaya duk wata biyu. Hajiya dubu 60 ɗin nan na zango ɗaya ne ko na shekara?