Golf GTI ko Peugeot 205 GTI? Wanda ya taɓa riƙe sitiyarinsu ya zo ya ba mu labari

Mai tambaya, Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Shawarar manya nake nema. An yi mini tayin tsofaffin motoci biyu, kuɗina kuwa na ɗaya ne. Ɗaya Golf 2 GTI ce mai ƙofa huɗu, ɗayar Peugeot 205 GTI mai inji 1.9, ja, ta daɗe a ajiye ƙarƙashin darbejiya a gidan wani dattijo. Ba haya zan yi da ita ba, so nake in gyara in riƙa shan iska da ita ran Lahadi. Na takarda na riga na karanta: duka biyun a 1984 suka fito, Golf da ƙarfin doki 112, ita 205 ta fara da 1.6 mai doki 105 kafin a kawo 1.9 mai 130 a 1986. Wanda ya tuƙa da hannunsa nake son ji.

Bakanike, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka tambayi wadda ta fi gudu, tambayi wadda za ka samu kayanta ran da ta kwanta. Na buɗe injin duka biyun ba sau ɗaya ba. Gangar injin Golf ƙarfe ce zalla, tana da haƙuri, ko ta ɗan yi zafi takan yafe maka. Ta 205 alminiyam ce, shi ya sa motar ba nauyi, amma ba a wasa da ruwanta. Lagireto ya toshe ko fanka ta tsaya a rana irin ta watan Afrilu, kafin ka ankara gaskit ya tafi.

Kayan ƙafar Golf kuwa ko da dare ka shiga Panteka za ka samu, haka Ƙofar Ruwa a Kano, saboda 'yan uwanta da suka cika tashoshin Arewa. Mutane na ɗauka tunda an yi ta haɗa Peugeot a Kaduna tun 1975 to komai na Peugeot a ƙofar gida yake. Na 504 da 505 ne a ƙofar gida. Wasu kayan injin 205 sukan zo ɗaya da na 405, amma ƙafar baya fa? Ba sifirin gare ta ba, wasu sandunan ƙarfe ne masu murɗawa, in boris ɗin hannun ya ci sai ka ga tayoyin baya sun karkata ciki kamar mai gwame. Tsaya bayanta ka duba wannan kafin ka yi ciniki.

Abu na ƙarshe: buɗe bonet ɗin Golf ɗin. Da yawa daga waɗanda ake kira GTI yanzu tambari ne kawai ya rage, an cire injekta an ɗora kafireto saboda mai gyara bai iya ta ba. Ni ma na yi wannan aikin ina yaro, Allah ya yafe mana.

Tsohon mai 205, Maraɗi:
Maigida bakanike ya faɗi gaskiya, amma gaskiyar gareji ya faɗa. Ni ta hanya zan faɗa. Na riƙe 1.9 shekara shida, daga Kwatano na taho da ita da kaina. Na tuƙa Golf GTI ta abokina sau da yawa, mota ce mai hankali, ka taka ta tafi, ka yi kwana ta bi, ta kai ka Yamai ba ka gaji ba. Amma ban taɓa sauka daga cikinta ina dariya ni kaɗai ba. 205 kuwa nauyinta bai kai kilo 900 ba, totur ka taɓa shi da ɗan yatsan ƙafa ta zabura, sitiyarin yana gaya maka kowane tsakuwa da taya ta taka.

Sai dai tana da hali ɗaya da ya kamata ka sani. In ka shiga kwana da gudu, tsoro ya kama ka ka ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya, bayanta zai nemi ya wuce gabanta. Ya same ni a hanyar Zinder bayan an ɗan yi yayyafi. Akuya ta faɗo, na saki mai a tsakiyar kwana, sai ga ni ina kallon inda na fito, motar cikin gonar gero. Laifina ne, tayoyin baya sun suɗe na ƙi canzawa. Mai gonar ya zo ya taya ni turawa, bai ce komai ba sai "sannu da arziki". Daga ranar na koyi rage gudu tun kafin kwana.

Wani daga Agadas:
Mu nan ba a mana maganar 205 mu yi shiru. Ina yaro muka ga motocin tseren Paris zuwa Dakar suna ratsa garinmu, kuma 205 ce ta ci a 1987 da Ari Vatanen, ta sake ci a 1988 da Juha Kankkunen. Wace Golf ce za ta bi yashin Tenere haka?

Bakanike, Kaduna:
Malam na Agadas, a yi hattara kada yaron nan ya nufi rairayi da ita. Waccan Turbo 16 ce, injinta a tsakiya yake bayan direba, tayoyi huɗu ke ja. Fuska kawai suka haɗa da wadda ake masa tayi.

Uwargida, Kano:
Ɗana, duk maza sun yi maka maganar gudu, bari in yi maka ta gida. Marigayi maigidana Golf GTI ya riƙe, mai fitila huɗu zagayayyu da jan layi a gaba. Da ita aka kai yaranmu makaranta, da ita muke zuwa Daura da salla, but cike da tsaraba. 205 GTI ƙofa biyu ce kawai, ba a yi mai huɗu ba. Ka yi tunanin ranar da za ka ce wa mahaifiyarka ta sunkuya ta shiga baya. In kana da wata motar ta iyali, to ka sayi abin da ranka ke so.

Ɗan tireda, Jos:
Na yi amfani da Golf GTI 16V, wato mai bawul goma sha shida, wadda aka fitar daga baya mai doki 139. A ƙasan giya kamar barci take, sai allura ta hau sama sannan ta farka. A hawan nan namu na fi jin daɗin mai bawul takwas, ba ta sa ka yawan canza giya. Tambayi wacce ce taka.

Mai tambaya, Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na je da makanikena. Baba na Kaduna kamar kana wurin: Golf ɗin kafireto ne a kanta, kujerun ma ba nata ba ne. Ita 205 injektarta na nan ba a taɓa ba, mun sa batir da sabon mai ta tashi a bugu na uku, amma tayar baya ta hagu ta ɗan kwanta ciki, kuma ɓeraye sun ci wayoyin fanka. Hajiya, akwai motar gida, don haka Inna ba za ta sunkuya ba. Na ba dattijon kafin alƙalami. Baban Maraɗi, a wajenku ana samun ƙafar bayan nan sukutum, ko sai an aika Kwatano?